Labarai biyu, tambaya guda: ina amfanin inji in babu mutum?

Cikin adabi akwai wani reshe da ake kira ƙagaggen labarin kimiyya. Marubuci yakan ɗauki wata ƙira ta zamaninsa, ya tura ta gaba da shekaru masu yawa, sa'an nan ya nuna yadda zaman jama'a zai kasance. Irinsa ba baƙo ba ne a Hausa, domin a 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka tafi da shi sararin samaniya. Malamin lakkol da ke son yara su amfana da irin waɗannan labarai, gara ya ba su gajeru biyu su gwama.

Ga misali daga Amurka. A 1951 Isaac Asimov ya fitar da labarin "The Fun They Had". Wata yarinya mai shekara 11 tana karatu ita kaɗai cikin ɗakin gidansu, inji ne malaminta. Ran nan wani yaro ya tsinci tsohon littafi na takarda. A ciki suka ga cewa a dā yara sukan taru wuri guda, mutum yana koya musu. Yarinyar ta koma gaban injinta tana begen zamanin da ba ta gani ba.

Na biyu shi ne "There Will Come Soft Rains" na Ray Bradbury, wanda ya fito a 1950, shekara 5 bayan bam ɗin Hiroshima. Wani gida ne a Kalifoniya mai yi wa kansa aiki: yana faɗin lokaci, yana dafa abin kari, yana shara. Amma bam ya riga ya hallaka masu gidan, ba abin da ya rage sai inuwarsu a jikin bango. Daga ƙarshe gobara ta cinye gidan.

Bayan an karanta, sai malam ya raba babban allo gida biyu, ya rubuta tambayoyi huɗu. Wane aiki inji yake yi? Wa aka rasa? Me marubucin yake tsoro? Yaya labarin ya ƙare? Da kansu yara za su gano cewa cikin labaran biyu inji bai ƙi aiki ba. A na farko an rasa abokan karatu, a na biyu an rasa mutane ɗungurungum. Asimov ya bi da mai karatu ta idon yarinya, cikin raha. Bradbury bai bar ko mutum ɗaya da zai yi kuka ba, shi ya sa nasa ya fi tayar da hankali.

Wannan muhawara ta shafe mu. Tun 1964 Nijar ta gwada koyarwa da telebijin cikin azuzuwa, kuma ko a lokacin ba a bar yara da akwati kaɗai ba, akwai mai kula da su a aji. Yaron da ya gwama labaran nan ya koyi auna sabon abu kafin ya rungume shi ko ya ƙi shi. Saboda haka muna kira ga malamai da masu kula da yaƙi da jahilci su gwada wannan hanya. Ba ta bukatar kome sai labarai biyu, allo da alli.