Daga Ajiwa zuwa Bar Beach: yadda nau'in dutse ke tantance inda ruwa zai ci

Duk damina ana kukan zaizayar ƙasa a Katsina, sai dai ba ko'ina ruwa ke yi wa ɓarna iri ɗaya ba. Bambancin yana ƙarƙashin ƙafafunmu.

Kudanci da tsakiyar jihar, irin su Funtuwa da Dutsin-Ma, na zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri irin giranayit, wanda ruwa ke ɗaukar dubban shekaru kafin ya rage shi. Amma daga kewayen birnin Katsina zuwa iyakar Nijar, akwai shimfiɗar dutsen yashi da tsakuwa da yumɓu wadda masana ke kira Gundumi, ga rairayi a samanta. Ƙwayoyinta ba su manne sosai ba, don haka ruwa mai gudu kan rarake gindin gaɓa har samanta ya rufta. A irin wannan gaɓa, gida na iya wayar gari a bakin kwazazzabo.

Abin da ruwa ya kwasa kuma ba ya ɓacewa. Da zarar gudunsa ya ragu sai ya sauke kayansa, tsakuwa da farko, sannan yashi, laka daga ƙarshe. Madatsar ruwa kan tsayar da gudun kogi, shi ya sa yashin da ya baro gonaki ke taruwa a irin madatsar Ajiwa, wadda birnin Katsina ke sha daga gare ta, yana cinye gurbin ruwa.

Haka lamarin yake a bakin teku. Dakar na kan dutsen aman wuta, wanda ya jure dukan igiyar ruwa har ya zama tsinin ƙasa cikin teku. Gaɓar Legas kuwa yashi ce, igiya na tura shi daga yamma zuwa gabas. Da Turawan mulkin mallaka suka gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, sai yashin ya maƙale a yamma, teku ta yi ta cin Bar Beach ta gabas.

Saboda haka, kafin a yanka filaye kusa da rafi, ko a bar motocin tifa su kwashi yashin kogi, akwai tambayar da ya kamata hukumar tsara birane ta amsa wa jama'a: wane irin dutse ne a ƙarƙashin wurin, kuma ina yashin da aka taɓa zai koma?