Manyan Kalmomin Turanci Ba a Hadda Ake Samunsu Ba

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar koyar da yara da harshen uwa, ta mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga aji na farko, muhawara ba ta lafa ba. Manufar da aka soke ko tsufa ba ta yi ba, don a ƙarshen 2022 aka amince da ita, zamanin Malam Adamu Adamu. A Illela kuwa zancen ya fi armashi, domin da an tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni, an shiga ƙasar da a shekarar 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Dangi ɗaya ne a garuruwan biyu, amma gwamnatocinsu kowace ta kama gabanta.

Masu goyon baya da masu adawa sun haɗu a kan abu guda: yaranmu na faɗuwa Turanci a WAEC da NECO da JAMB, kuma wanda bai samu kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Inda ake ɓata hanya shi ne wurin magani. Da yawa daga cikin iyaye, har da wasu malamai, sun ɗauka iya Turanci shi ne tara manyan kalmomi. Sai ka ga yaro riƙe da littafin rubutu cike da kalmomi masu gaɓa biyar biyar da ya kwafo daga ƙamus, yana bitarsu da dare. Ranar muhawara ya fasa uku ko huɗu, ɗaki ya ɗauki tafi, a ce yaron nan Bature ne. Ba shi labarin jarida ka ce ya taƙaita maka a jimla uku, nan ido zai raina fata.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Indiya, masu jin Hindi da ke shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati ko banki sun daɗe suna rububin wani littafin ƙara kalmomi da Ba'amurke Norman Lewis ya wallafa a 1949. Sai dai a can yankin ne kuma wani malami Baturen Ingila, Michael West, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Bengal, ya lura cewa ƙananan kalmomin yau da kullum su ne tushe. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 waɗanda suka fi yawo a Turanci. Su kaɗai kan ɗauke wajen kashi 80 cikin ɗari na rubutun da mutum zai ci karo da shi. A shekarar 2000, Averil Coxhead ta ƙasar New Zealand ta ƙara wani jeri na iyalan kalmomi (wato kalma da rassanta) 570 da suka fi fitowa a littattafan jami'a, kowane fanni ne, kuma su ma sukan ɗauke kusan kashi 10 na irin wannan rubutu.

Ga lissafin da ya kamata kowane malamin Turanci ya riƙe. Binciken Paul Nation, shi ma na New Zealand, ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu cikin natsuwa ba tare da taimako ba, sai ya san kimanin kashi 98 na kalmomin da ke ciki. Wato a cikin kowace kalma hamsin, ɗaya ce baƙuwa. A shafi mai kalma 300, baƙi shida ke nan, kuma maƙwabtansu za su iya tona ma'anarsu. In kuwa kashi 90 yaro ya sani, abin da a takardar jarrabawa za a kira gagarumar nasara, to baƙi talatin ne a shafi guda, kusan kowane layi da nasa. A nan ba karatu yake yi ba, tuntuɓe yake yi. Nation ya ƙiyasta cewa ana bukatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin a karanta jarida ko littafin labari haka. Wa zai haddace wannan daga ƙamus? Ko ya haddace, tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada ya nuna cewa abin da aka cusa wa ƙwaƙwalwa a zama ɗaya, mafi yawansa kan zube cikin ƴan kwanaki in ba a riƙa waiwayarsa jefi jefi ba.

Dubi dillali a karar Illela. Ba wanda ya ba shi jerin sunayen shanu ya haddace. Kowace ranar kasuwa yana cikinsu, ya taɓa wannan, ya duba haƙoran wancan, ya ji yadda manya ke ciniki, har ya kai daga nesa yana gane saniyar da za ta yi kuɗi. Haka kalma take. Sai an haɗu da ita sau da dama, a jimloli mabambanta, kafin a san da wa take tafiya, a ina ta dace, a ina kuma za ta jawo dariya.

Akwai wata garaɓasa da ƴan bakin iyaka ke da ita ba su sani ba. Bayan da Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da shari'a a can. Shi ya sa akasarin manyan kalmomin Turanci na mulki da shari'a da kimiyya daga Faransanci da Latin suka fito. Yaron da ya yi lakwal a Ƙonni, in ya juyo kan Ingilishi, sau da yawa manyan kalmomin ne suka fi zo masa da sauƙi, ƙananan su ba shi wuya.

Batun cewa Hausa ce ke hana yaro Turanci kuwa, an gwada shi a ƙasar nan. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma ya zama darasi a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Don haka tarar da ake ci wa yara in sun yi Hausa a aji ba ta ƙara wa kowa kalma ko ɗaya. Shiru kawai take koya musu.

Minista na da ikon sauya manufa da sanarwa guda, amma sanarwa ba ta sa littafi a hannun yaro. Makarantar da ba ta da ɗakin karatu, malaminta kuma shi kansa rabonsa da karanta littafi tun yana kwaleji, ko da wane harshe aka ce ta koyar, sakamakon ba zai sauya ba. Iyaye, kuɗin da kuke kashewa kan littattafan haddar kalmomi ku saya wa yara littattafan labarai masu sauƙin Turanci, waɗanda za su iya karantawa ba sai da ƙamus a gefe ba, in sun gama ku ƙara musu na gaba. Hukumar ilimi ta ƙaramar hukumar Illela kuma, akwatin littattafai guda a kowane aji bai fi ƙarfinta ba.