Haɗa Kwamfutar Gem da Kuɗi Kaɗan: Ina Ya Kamata Kuɗinka Su Tafi?

Lokacin da na haɗa kwamfutata ta farko, na zuba kusan duk kuɗina a katin girafik, sannan na sayi PSU mai araha, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta wuta. Wata rana aka dawo da wuta da ƙarfi, ta ƙone, ta tafi da madabod ɗina. Araha ba ta ado.

Don haka ka fara da PSU mai shaidar 80 Plus Bronze, kamar wat 550, ka haɗa da sitabilaiza.

Katin girafik ne ke ɗaukar nauyin gem. Radeon RX 6600 mai 8GB ya isa yawancin wasanni a 1080p. Ka haɗa shi da Ryzen 5 5600 a kan madabod B550, domin dukansu soket AM4 ne. Idan kuɗin katin bai samu ba tukuna, Ryzen 5 5600G na da girafik a cikinsa, zai riƙe ka.

RAM kuwa, ka ɗauki 8GB guda biyu maimakon 16GB guda ɗaya, sun fi sauri. Ka tabbata DDR4 ce, don DDR5 ba ta shiga wannan madabod.

Fitilu masu launi? Bar su sai aljihu ya yi nauyi.