Kafin Mahayi Ya Ɗora wa Doki Laifi

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Zamfaran Anka, ko ta Sarkin Mafaran Gummi, ya ga mahayin da yake tamkar dasa shi aka yi bisa sirdi, ya kuma ga wanda dokinsa ke ta karkata yana kaɗa kai. Akan ce doki na biyun ba shi da horo. Sau da yawa kuwa laifin na mai shi ne.

A cikin tsokoki da gaɓoɓin ɗan Adam akwai wasu ƙananan jijiyoyin ji da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda kowace gaɓa take, ko da ido na rufe. Masanin Ingila Charles Sherrington ne ya raɗa wa wannan ji suna a 1906. Amma ƙwaƙwalwa takan saba da karkace har ta ɗauke shi daidai. Mutumin da ya daɗe yana rataya kaya a kafaɗa guda zai rantse a miƙe yake zaune, alhali nauyinsa ya rinjaya gefe. To, dabbar da ke jin saukar ƙuda a fatarta har ta girgiza wurin, yaya za ta kasa jin wannan?

A kan haka Ba'amurkiya Sally Swift, wadda ta tashi da karkataccen ƙashin baya, ta gina hanyar koyarwarta cikin littafin Centered Riding na 1985: a fara da gyaran mahayi.

Mai barga a Bukkuyum na iya shirya irin wannan horo a fili guda. Da farko mahaya su tuɓe babbar riga, domin ado ne mai ɓoye aibu. Sai wani ya ja doki a hankali, mahayi ya zare ƙafa daga likkafa, ya rufe ido, ya riƙa faɗin lokacin da ƙafar bayan doki ta hagu ta ɗaga. Wani kuma ya tsaya a gefe ya duba ko kunne da kafaɗa da ƙugu da diddige sun jeru, sannan ya koma baya ya ga wace kafaɗa ce ta sauka.

Bayan an sauke sirdi a dubi gumi. In an ga busasshen wuri tsakiyar jiƙaƙƙen baya, nan nauyi ya fi dannewa, nan kuma miki kan fito, daga baya farin gashi ya tsiro. In a gefe guda kaɗai yake, a binciki sirdin, a kuma binciki zaman mai hawa.