Tsakanin Na'urar Sanyi Mai Ruwa da Iyakwandishan

Duk wanda ya lura da yadda randar ƙasa take sanyaya ruwa, haƙiƙa ya fahimci hikimar na'urar sanyi mai ruwa, domin fanka ce take jawo busasshiyar iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, ruwan ya bi iska ya tafi da zafi. Saboda haka fa'idarta a bazara take, bisa sharaɗin a bar taga buɗe. Idan kuwa damina ta sauka, iska ta cika da laima, sai amfaninta ya yi naƙasu. Amma iyakwandishan, wanda yake bukatar rufaffen ɗaki, yana sanyayawa a kowane lokaci, illa dai yana shan wutar lantarki ninkin-ba-ninkin. Wajibi ne magidanci ya auna yanayin garinsa da ƙarfin aljihunsa kafin ya yanke hukunci.