Uwargida, Ki Ceci Kajinki Kafin Hunturu Ya Kama

'Yan kajin nan da ke tsakar gidanki asusu ne: su ne kuɗin littafin yaro, su ne fita kunyar baƙo, su ne naman Sallah. Amma sau nawa kika wayi gari kika tarar da akurki ya koma kufai cikin mako guda? Mu duba cututtukan da suka fi yi mana wannan ɓarna, da yadda za ki tare su.

Ta farko ita ce fakat, wadda likitoci ke kira Niyukasil, kuma ta fi tsanani da hunturu. Za ki ga kaza ta takure, fukafukai a sake, tana zawo kore, tana numfashi da baki buɗe, wata ma wuyanta ya murɗe. Ki sani, 'yar uwa, wannan cuta ba ta da magani. Kafso da barkono da ake jiƙa musu ba sa kashe ƙwayar cutar. Rigakafi ne kaɗai mafita. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wani mai suna I-2, mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kowace kaza ɗigo ɗaya a ido. Ki yi shi tun watan Oktoba, ki maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu, kuma masu lafiya kawai ake yi wa. Kwalba ɗaya takan ishi kaji da yawa, don haka ki haɗa kai da maƙwabta ku kira malamin dabbobi, tunda kajinku tare suke kiwo.

Ta biyu zawon jini, wanda ya fi kama 'yan tsaki da damina. Danshin akurki da kashin da ya taru ne ke hayayyafa ƙwayarsa. Ana ba su maganin amfuroliyom a ruwan sha kwana 5 zuwa 7, bisa ƙa'idar da ke jikin takardar. Ki share akurki, ki zuba busasshen ɓuntu, ki ɗaga kaskon ruwa kada su taka ciki.

Sai ƙurajen da ke fitowa a tsaron kaza da gefen ido, waɗanda sauro ke yaɗawa. Kada ki ɓamɓare su. Ki shafa aidin a hankali ba tare da ya shiga ido ba, ki ba ta abinci mai laushi. Yawanci sukan warke cikin 'yan makonni.

In kuwa kaza na yawan susa tana ramewa, duba ƙarƙashin fiffikenta, ƙila ƙwarƙwata ce ko ƙuma. Ki tanadar musu toka da yashi a busasshen wuri su riƙa birgima, ki ƙone tsohuwar shimfiɗar ƙwai.

Ga dokoki uku. Kazar da kika sayo a kasuwa ko aka ba ki kyauta, ki ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin naki. Wadda ta kamu, ki killace ta nan take. Wadda aka ba magani, kada a ci namanta ko ƙwanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

Sannan a yi hattara. In kaji suka riƙa mutuwa farat ɗaya, fuska a kumbure, tsaro ya yi baƙi-baƙi, to ana iya zargin murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006 a Jihar Kaduna, kuma tana kama mutum. Kada ki ce bari a yanka kafin ta mutu a jefa a tukunya. Ki hana yara taɓa su, ki sa leda a hannu ki binne mushen a rami mai zurfi, ki wanke hannu da sabulu, ki sanar da ofishin dabbobi mafi kusa. Asarar kaza ta fi asarar lafiyar iyali sauƙi.

Allah ya sa albarka a kiwonki, amin.