YADDA ZA A SA LAYIN INTANET YA KAMA DA KANSA IN AN KUNNA KWAMFUTA

A zamanin nan aikin ofis da na makaranta sun rataya a kan layin intanet. Tun cikin shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma biyan albashin ma'aikatanta ta tsarin IPPIS, cikin 2015 kuma ta tilasta wa ma'aikatu zuba kuɗin shiga a asusu guda ta hanyar Remita, a wannan shekara dai hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kan kwamfuta. Duk da haka ba a rasa ofisoshin da, bayan an kunna kwamfuta, sai wani ma'aikaci guda ya zo ya danna nan da can kafin layi ya kama. Ranar da ya tafi hutu, ko kuwa aka ɗauke wuta aka maido da ita ba ya nan, sai akawu da ɗalibi su zauna suna kallon allo. Alhali kuwa maganin wannan bai wuce aikin rabin sa'a ba.

ASALIN MATSALAR

Abin ya samo tushe ne daga zamanin da ake shiga intanet ta wayar tarho, lokacin da kwamfuta kan buga lamba kamar yadda mutum yake bugawa, ta faɗi sunan mai layi da kalmarsa ta sirri, sa'an nan a buɗe mata. Da layi mai sauri ya zo, kamfanoni ba su so su rabu da wannan tsari ba, domin da shi suke gane wanda ya biya da wanda bai biya ba. Saboda haka aka fito da wata ƙa'ida mai suna PPPoE, wadda aka wallafa cikin watan Fabrairu na 1999, kuma tun daga Windows XP na 2001 kamfanin Microsoft ya sa ta cikin manhajarsa. Har yau kamfanoni da yawa masu ba da intanet ta wayar gilashi suna aiki da ita.

Ma'anar wannan ita ce, ko da waya tana jone kuma fitilun modem suna ci, layi bai buɗe ba sai an yi sallama an faɗi suna. Abin da ya rage a yanke shi ne wanda zai riƙa yin sallamar, mutum ko na'ura.

A BAR WA RAUTA AIKIN

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma ta fi ƙarko, ita ce a sauke wa kwamfuta wannan nauyi a ɗora wa rauta, watau ɗan akwatin nan mai raba intanet ga na'urorin ofis ko na gida. Ana shiga cikinsa ta manhajar buɗe shafuka, a rubuta adireshinsa, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, kuma yakan kasance a rubuce a ƙasan akwatin. A sashen da ake kira WAN sai a zaɓi PPPoE, a rubuta suna da kalmar sirrin da kamfani ya bayar, a kuma zaɓi cewa layi ya zauna a kame kullum.

Daga nan duk lokacin da wuta ta zo, akwatin ne zai yi sallama, in layi ya tsinke kuma shi zai sake kira. Kowace kwamfuta da aka kunna sai ta karɓi adireshinta daga gare shi ta ƙa'idar DHCP, ba tare da an taɓa komai ba. Masu aiki da ƙaramin akwati mai ɗaukar layin waya na MTN ko Glo ko Airtel, da masu Starlink, wanda ya soma aiki a Nijeriya cikin Janairu na 2023, sun riga sun huta da wannan, domin na'urarsu tana kamawa da kanta. Abin da ya rage musu kawai shi ne su sa alama a gurbin da ke cewa kwamfuta ta riƙa kama Wi-Fi ɗin nan da kanta.

IN BABU RAUTA

Wanda ya jona waya daga modem kai tsaye zuwa kwamfuta mai Windows yana da wani umurni da ake kira rasdial. Sai ya buɗe Notepad, ya rubuta rasdial, ya bi shi da sunan layin a tsakanin alamun zance, sa'an nan sunan shiga da kalmar sirri, duka a jere guda. Ya ajiye takardar da suna mai ƙarewa da .bat. In ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta shell:startup, wata jaka za ta buɗe, kuma duk abin da aka sa cikinta yakan tashi da kansa.

Sai dai wannan jaka ba ta motsi sai mai kwamfuta ya shiga da sunansa. Ga na'urar da ake so ta kama layi ko ba kowa a ɗaki, kamar wadda ke riƙe da fayilolin ma'aikata, Task Scheduler ya fi dacewa. A can ana iya cewa umurnin ya gudana da zarar na'ura ta tashi, ko an shiga ko ba a shiga ba. Yana da kyau a sa masa jinkirin minti guda, domin sau da yawa kwamfuta kan riga modem shiryawa, ta yi sallama ba wanda ya amsa. In ta nuna kuskure mai lamba 651, to ba ta sami modem ko layin a shirye ba ne. In kuwa 691 ta nuna, an ƙi sunan ko kalmar sirrin ke nan, wani lokaci kuma alama ce ta cewa kuɗin wata ya ƙare.

Ɗaliban da ke aiki da Linux su ma suna da tasu hanya. A Debian akwai pppoeconf, wanda yake tambaya da kansa ko ana so layi ya riƙa kamawa a lokacin tashi, amsar kuwa i ce. A inda NetworkManager ke kula da layi, manhajar da kamfanin Red Hat ya soma cikin 2004, sai a sa alama a gurbin kamawa da kai, a kuma yarda duk masu amfani da na'urar su yi aiki da layin. In ba a yi na biyun ba, layi zai jira har wani ya shiga.

SHA'ANIN WUTA

A ƙasashen da wuta ba ta yankewa wannan gyara neman sauƙi ne kurum, amma a inda akan koma kan janareta sau biyu ko uku a wuni, larura ne. Yawancin kwamfutocin tebur suna da wani zaɓi a cikin BIOS, shafin da akan shiga ta danna F2 ko Del tun na'ura ba ta gama tashi ba, wanda yake sa su kunna kansu in wuta ta dawo. In aka haɗa wannan da abin da ya gabata, wuta na dawowa kwamfuta za ta tashi, layi ya kama. Amma kada a yi haka sai da UPS ko sitabilaiza a tsakani, domin wutar da ta dawo da ƙarfi takan ƙone kaya. Rauta da modem ba su cin wuta da yawa, saboda haka ƙaramin UPS ma yana iya riƙe su har a tayar da janareta.

ABUBUWAN LURA

Takardar rasdial tana ɗauke da kalmar sirri a fili, duk wanda ya buɗe ta ya karanta. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa rauta ta fi ta. Ita ma rautar, wajibi ne a canja kalmar da ta zo da ita daga kamfani, wadda sau da yawa admin ce kawai, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kuma ya kamata shugaban sashe ya ajiye suna da kalmar sirrin layin a rubuce cikin ambulan a kabad mai makulli, kamar sauran takardun ofis, a kuma sa su cikin takardar miƙa aiki ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wuri.

Na biyu shi ne kuɗi. Layin da ke kame kullum yana ba Windows damar sauko da sabbin gyare-gyarenta ba da sanin kowa ba, ɗalibin da ya sayi data ta wata guda sai ya iske ta ƙare cikin kwanaki. Maganinsa a shaida wa Windows cewa layin na awo ne, ta hanyar kunna Metered connection a shafin layin, sai ta rage abin da take saukowa da shi.

Na uku, akwai tsinkewar da ta fi ƙarfin kowane ofis. Ran 14 ga Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, watau MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu har na kwanaki, bankuna ma suka shiga wahala. A irin wannan rana babu saitin da zai yi amfani. Abin da ke hannun ma'aikaci da shugabansa shi ne tsinkewar yau da kullum, wadda dawowar wuta ko rashin mutum guda ke jawowa. Ya kamata kowace ma'aikata da kowace makaranta ta sa mai kula da na'urorinta ya kashe wuta da gangan, ya maido, a gani ko layi zai kama ba tare da an taɓa shi ba. In bai kama ba, gara a gane yau da a gane ranar biyan albashi ko ranar rufe rajistar jarrabawa.